Hannun Jakar Baba Bawa

Ba zan taɓa mantawa da fitata ta farko a matsayin malamin dabbobi ba, kuma ko na so in manta, mutanen Tsafe ba za su bar ni ba. Shekaru sun ja, na yi aure, har na ajiye ɗan tumbi, amma har gobe idan na tsaya shan fura a kasuwarsu sai in ga wata mai nono ta sunkuyar da kai tana yi wa ƙwaryarta murmushi. Na san abin da take tunawa. Gara in ba ku labarin da bakina kafin ku ji shi a bakin wani da ƙarin gishiri.

Ni dai tun ina yaro mutum ne mai mafarki ido biyu. Malami yana bayani a gaban allo, ni kuwa ina can na gina gidan sama a Tudun Wada, har na fara rigima da mai fenti a kan launin ƙofa. Hajiyarmu takan ce idan aka aike ni sayen gishiri sai an aiki wani ya nemo ni. (Ba sharri ta yi mini ba, an taɓa yi.) To da na gama karatun lafiyar dabbobi aka ɗauke ni aiki, aka ce yankin Tsafe zan riƙe, sai mafarkin nan ya samu taki. Ban taka ko rugga ɗaya ba, amma na riga na ga kaina cikin farar riga a tsakiyar garke, shanu suna layi da kansu, dattawa suna nuna ni da sanda suna cewa Allah ya kawo musu likita.

Wanda zan gada shi ne Malam Bawa, dattijon da ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana bin shanun yankin da allura, ya yi ritaya ya koma gida Bungudu. Kowa Baba Bawa yake ce masa. A ofis aka ba ni shawara in je in gaishe shi in nemi albarka, domin makiyayan wurin ba takarda suke dubawa ba, mutum suke dubawa. Zamani ya riga ya lalace, baƙuwar fuska ba ta shiga rugga haka kawai. Ga shi kuma ciwon huhu ya fara taɓa shanu a maƙwabta. Idan suka ƙi yarda da ni, babu rigakafi a shekarar, shanun mutane su shiga hatsari, ni kuma in dawo ofis in yi bayanin yadda aka yi.

Na tarar da Baba a ƙofar gidansa, kan buzu, yana yi wa wata akuya faɗa. Muka gaisa, na faɗi abin da ya kawo ni. Ya daɗe yana kallona, sannan ya shiga ciki ya fito da wata jakar fata ya ajiye a gabana.

"Ga ta nan," ya ce. "Ni na gaji, amma ita tana da sauran tahiya."

Jakar kam jaka ce. Fata mai kauri, ja mai duhu, ta sha rana ta sha ruwa amma ko ɗinki ɗaya bai saki ba. Matsalar hannunta ne. Ba irin na kanti ba ne, fata ce aka yanka siri-siri aka tufka da hannu. Gumi ya mayar da shi baƙi ƙirin, tsakiyarsa ta siɗe, wasu silin sun tsinke sun yi cirko-cirko. Daga gefe guda kuma wata izgar wutsiyar sa ce take reto, da fara ce amma ta koma ruwan ƙasa. An kafe shi a jikin jakar da ƙusoshin tagulla masu kai biyu, irin waɗanda ake bugawa su cije fata ciki da waje, su ma tsufa ya sa sun yi kore.

"Baba, hannun nan ai ya mutu," na ce.

"Bai mutu ba, tsuhwa ya yi. Ka bar shi yadda ka gan shi. In ka kusa ruggar Arɗo Buba, tun daga nesa ka ɗaga ta sama su gani. Ba sai ka wahal da bakinka ba."

Na ce, "To, Baba." Irin to ɗin nan da ake faɗa wa manya, wanda ba ya raka mutum ko bakin titi.

Da wataƙila ma na bar shi, ba don abin da ya faru a mota ba. Muna hanyar komowa Gusau, jaka a cinyata, ina kallon gonakin dawa suna wucewa ina ta saƙa yadda za a tarbe ni, sai matar da ke kusa da ni ta matso ta yi ƙasa da murya. "Malam, don Allah kana duba? Ina da wata 'yar matsala." Na bi idonta, sai na ga izgar nan take kallo. Ni da na sha wahalar karatu, a ce mini boka! A nan cikin mota na yanke wa hannun nan hukunci.

Washegari na shiga Sabon Gari na sayo sabon hannu. Kai, ku zo ku ga hannu! Baƙi sumul, yana ƙamshin kanti, da zobban ƙarfe masu ɗaukar ido a gefe da gefe. Na haɗo da sababbin ƙusoshi farare tas. Mai shagon ya ce in kai wa baduku ya sa mini, na ce ya bar shi. Mutumin da zai riƙa soka wa bijimi allura, ƙusa ce za ta gagare shi?

Bayan la'asar na shimfiɗa tabarma a tsakar gida, gindin gwaibarmu. An yi ruwa da rana ya ɗauke, ƙasa tana ƙamshi, ganye yana ɗiga a hankali. Na jera kayan aiki: magagari, guduma, filaya, sukundireba, da wata doguwar ƙusa. Hajiya tana gefe kan kujerar tsugunno tana tsinkar zogale.

Kada ku ce jahilci ne ya kai ni, na san yadda ake yi sarai. Irin ƙusar nan ba a fizgarta. Kanta ake bi da magagari a hankali, a goge, a goge, har ya siɗe ya rage sandar tsakiya, sannan a ɗora jakar kan katako a sa wata ƙusa a buga, sai ta faɗo ta baya ta bar huda ƙarama yadda aka same ta. Haka na yi wa ta farko. Garin tagulla yana zuba a kan fata kamar yajin da aka barbaɗa, koren ya tafi, jan ƙarfe ya fito, na buga sau ɗaya ta faɗo tsaf. Na ɗaga ta ina kallo kamar na ciro haƙorin zaki.

Abin da ban lissafa ba shi ne magagari yana da waƙa. Ƙurus, ƙurus, ƙurus, gaba da baya, ga iska mai sanyi, ga kurciya tana kuka a kan katanga. Kafin in kai rabin ta biyu na bar Gusau. Na ga Arɗo ya riƙe hannuna yana cewa bai taɓa ganin likita irina ba. Na ga ya ba ni kyautar karsana fara mai baƙin kunne. Karsanar ta haihu, 'yarta ta haihu, har na fara tunanin inda zan samu fili a bayan gari in zuba su, da wanda zai riƙa kawo wa Hajiya kindirmo kowace safiya.

"Kai! Ƙusa kake gogewa ko jaka?"

Muryar Hajiya ce ta dawo da ni. Na duba, ashe tuni magagarin ya sauka daga kan ƙusa, ya yi wa fatar wani farin tabo mai faɗin babban yatsa. Na lashi yatsa na shafa, tabon ya dube ni na dube shi.

"Wai shi mai jakar ya ce ka taɓa masa?" in ji Hajiya.

"Hajiya, ai ya ba ni. Kuma zamani ya canza."

"Zamani ya canza, amma saniya ba ta sani ba," ta ce, ta ci gaba da tsinkar zogalenta.

Maganar ta ɓata mini rai, ga hannuna ya fara tsami, ga rana tana shirin faɗuwa, ga ƙusoshin ɗaya gefen sun cije kamar an haife su a wurin. Sai na ce wa kaina ai duk hanya hanya ce. Na cusa bakin sukundireba a ƙarƙashin kan ƙusa na banƙara, na kama da filaya, na taka jakar da ƙafa, na ja da ƙarfin da Allah ya ba ni. Ta fito kam, amma ba ita kaɗai ba, ta taho da loma guda ta fata. Maimakon in yi hankali, sai na yi wa ta kusa da ita haka, wai don su yi daidai. (Har yau ban gane wannan lissafin ba.) Da na gama, ƙaramin yatsana yana shiga hudojin ya fita ba tare da ya gaisa da kowa ba.

Na gwada sababbin ƙusoshin, suka wuce ta ciki suka faɗa cikin jaka. Wani mai hankali da a nan zai tsaya ya nemi taimako. Ni kuwa sai na yanko kwalin sabulu na yi wa kowace ƙusa ɗan matashi ta ciki, na kwarara gam, na ɗora sabon hannun na buga, na bi duka da man goge takalmi har tabon magagarin ya ɓace. Wallahi jakar ta yi kyau. Na ɗaga ta da yatsa biyu a hankali, ta tsaya. Tsohon hannun kuwa na wurga shi gindin katanga, shi da izgarsa.

Da safe na je ofis na karɓo maganin rigakafi a cikin akwatin sanyi, aka ja mini kunne cewa ƙanƙarar ciki ita ce ransa, in ta narke magani ya zama ruwa. Na biyo ta gida in sa farar rigata. Ina ɗaure akwatin a bayan babur, sai robar ɗaurin ta tsinke. Na waiga neman igiya, idona ya faɗa kan tsohon hannun nan a gindin katanga. Na ce kai ma yau ka yi amfani. Na ƙulla shi da guntun robar na tamke akwatin, izgar tana lilo a kusa da salansar babur. Jakar kuma na ɗora ta a kan tanki tsakanin cinyoyina, na kama hanyar Tsafe.

Wanda bai bi hanyar nan a ƙarshen damina ba, ba zai gane abin da ya same ni ba. Gero ya yi kai, dawa ta fi mutum tsawo, ko'ina kore shar har ido ya gaji. Dutsen Kwatarkwashi ya yafa gajimare a kafaɗa, balbelu suna tashi daga fadama farare fat. Iska tana kaɗa mini riga, babur yana gunjinsa ƙasa-ƙasa, ni kuwa na koma wurin karsanata. Na raɗa mata suna. Na aurar da kaina ga wata yarinya da ban taɓa gani ba, muka sha madarar karsanar tare. Sai da na ga kasuwar Tsafe a gabana na farga na wuce mararrabar da aka kwatanta mini tun tuni. Na juyo ina zagin kaina, akwatin sanyi ya fara ɗigar da ruwa a baya.

Daga kan wani tudu na hango ruggar. Bukkoki a jere, shanu farare sun bazu a kan ciyawa, hayaƙi yana tashi siriri. Daidai yadda na gani a mafarki, ko ɗigo babu bambanci. Na tsayar da babur, na tuna umarnin Baba, na ɗaga jaka sama. Zobban ƙarfen suka kama rana suka yi wal. Na ji wani ɗan ƙis a wajen ƙusoshi, ban kula ba, domin can ƙasa na ga mutane sun fara kai da kawo, shanu sun motsa. Na ce Allahu akbar, ga shi har sun fara tattaro mini su.

Tattarawa kam sun tattara. Kafin in gangaro in iso, babu saniya ko ɗaya. Makwancinsu fayau, sai ɗanyen kashi da sawun kofato, sai 'yan maruƙa a ɗaure a dangwali suna kallona.

Arɗo Buba yana zaune da wasu dattawa a gindin wata ƙirya, dogon mutum mai farin gemu kaɗan. Suka tarbe ni da mutunci, aka shimfiɗa mini tabarma, aka kawo nono a ƙwarya. Na tambayi shanu.

"Sun tahi kiwo," in ji Arɗo.

"Yanzun nan na hango su."

"E, yanzun nan suka tahi."

Na gyara zama na fara bayani. Na yi maganar ciwon huhu, na yi maganar gwamnati, na kawo sunan makarantar da na yi, har da 'yan kalmomin Turanci don su san ba da wasa na zo ba. Duk abin da na faɗa sai su ce madalla. Na ce ƙanƙara tana narkewa, suka ce Allah ya sawwaƙe. Da na ga madallar nan ba za ta dawo da ko ɗan maraƙi ba, sai na jefa babban katina.

"Baba Bawa ne fa ya turo ni. Ga ma jakarsa."

Arɗo ya dubi jakar, ya dube ni, ya mayar da ido kan sandarsa. "Allah sarki, Malam Bawa. Amma jakar Malam ba haka take ba."

Nan zuciya ta ɗebe ni. Ni za a ƙaryata? Na miƙe, na taka har tsakiyar makwancin shanu inda kowa zai gan ni, har matan da ke leƙowa daga bukkoki. Na kama sabon hannun nan, na cilla jakar sama iya tsawon hannuna, na girgiza ta.

"Ku dube ta da kyau! Wannan ba jakar Baba Bawa ba ce?"

Kwalin sabulu ya yi iya ƙoƙarinsa, Allah ya sani. Ya sha zafin tanki, ya sha girgizar hanya. Sai na ji hannuna ya yi sakayau, sannan na ji ɓat a ƙasa. Jakar ta sauka a tsakiyar wani ɗanyen kashi mai faɗin faranti, ta wage baki. Sirinji ya yi gabas, auduga ta yi yamma, burodin da na ɓoye ya gangara, sai ga madubina da matajina da kwalbar turarena a fili. Farar rigata ta samu rabonta tun daga gwiwa har ƙirji. Ni kuwa ina tsaye, hannu a sama, riƙe da sabon hannu mai ƙyalli wanda babu komai a ƙarƙashinsa. Kuma don tsabar ruɗewa ban sauke ba.

Da sun yi dariya da na samu sauƙi. Amma mutanen nan akwai kunya da kara, ba a yi wa baƙo dariya. Arɗo ya dukufa yana nazarin sandarsa. Wani dattijo ya ɗaga kai yana duba ko za a yi ruwa. Matan suka koma cikin bukkoki ɗaya bayan ɗaya, sai dai na ga wata bukka tana ɗan girgiza. Wani ɗan maraƙi ne kaɗai ya faɗi ra'ayinsa. Na roƙi ƙasa ta tsage, ta ƙi.

Ina cikin tsintar sirinji sai na ji muryar tsohuwa daga wajen babur ɗina, tana kiran Arɗo da Fulatanci. Inna Dije ce, mahaifiyarsa, 'yar ƙaramar tsohuwa mai zobba a kunne. Ashe ta ga akwatin yana ɗiga a rana ta je ta ja masa inuwa da tabarma. Ta taho a hankali, riƙe da wani abu da hannu biyu. Tsohon hannun ne. Ya sha taɓon hanya, salansa ta babbake gefen izgar.

Dattawan nan duka suka miƙe tsaye. Ita kuwa ta ƙaraso. Ta sa aka kawo ruwa a ƙwarya, ta tsuguna ta wanke shi sili-sili, ta tsefe izgar da yatsunta, ta goge da bakin zanenta. Sannan ta ɗago ta dube ni, idonta ya kawo ruwa.

"Ɗana, Malam ya rasu ne?"

Na yi maza na ce, "A'a, Inna. Yana nan lafiya lau, shekaranjiya ma muna tare."

"To shi ya kwance wanga?"

"Ni ne."

"Mi ya yi maka?"

Na nemi amsa sama da ƙasa, kuma cikin duk amsoshin duniya ga wadda bakina ya zaɓo: "Gani na yi ya tsufa."

Ta shafa izgar. "Ni ma haka," ta ce.

Jakar da ta faɗi kashi ba ta kai wannan zafi ba. Arɗo ne ya tausaya mini ya ba ni labari. Wata shekara ciwo ya shigo musu garke, shanu suna faɗuwa, kowa ya guje su. Malam Bawa ya tare a ruggar bai koma gida ba sai da abin ya lafa. Mahaifin Arɗo, mijin Inna Dije, ya yanka farin sansa don godiya, ya tufka hannun nan da fatarsa, ya rataya izgar, ya ce duk wanda ya zo riƙe da shi a buɗe masa garke ko da tsakar rana ce, ba tambaya. Tsohon ya rasu, maganarsa tana nan.

"Mu kuwa muka hango baƙo yana haska muna ƙarhe daga tudu," in ji Arɗo. "Muka ce ko mai haraji ne, ko wanda ya hi shi."

Na ba da haƙuri har na rasa kalma. Na ce to yanzu a kira shanun, ƙanƙara ta kusa ƙarewa. Arɗo ya ce waya ba ta kamawa a kwarin da suka shiga, kuma ya riga ya gaya wa masu kiwon kada su dawo sai yamma, kowa ya kira su. Abu ɗaya ne zai dawo da su. Inna Dije ta miƙo mini hannun, ta nuna mini wani dogon suri a bakin rugga.

Haka na hau surin nan da rarrafe, da rigata mai zanen kashi, na tsaya a ƙoli ina kaɗa wutsiyar sa. Da matar cikin mota ta gan ni a lokacin, da ta ce ai dama ta faɗa. Na kaɗa har kafaɗata ta ƙage, babu abin da ya motsa sai ciyawa. Can sai na ga wani farin ɗigo ya ɓullo daga cikin kore. Sai wani. Sai ƙahoni suka fara fitowa daga kwarin a hankali, farare, suna kaɗa kai, balbelu suna tashi suna sauka a tsakaninsu, masu kiwo a baya da sanduna a kafaɗa. Shanu suna tahowa wurina da kansu, kamar dai yadda na sha gani. Na tsaya baki buɗe, hawaye ya cika mini ido, na manta da warin da nake yi. Sai da Arɗo ya ɗaga murya ya ce, "Likita, sauko hakanan, sun gani," sannan na tuna ina da aiki.

Da na buɗe akwatin, saura 'yar ƙanƙara kamar ƙwan kaza tana iyo, amma kwalaben da sanyinsu. Suka kama mini shanu ina sokawa, ba mu tsaya ba sai bayan la'asar. Karsana dai ba a ba ni ba. An ba ni ruwa da sabulu, kuma a lokacin sun fi mini karsana. Da zan tafi Inna Dije ta naɗe hannun a cikin wani tsabtataccen ƙyalle ta sa mini a aljihu da kanta, ta ba ni igiyar ɗaure maraƙi don akwatin. Jakar kuwa rungume ta na yi har Gusau.

Hajiya ta dubi rigata, ta dubi jakar, ba ta tambaye ni komai ba. Cewa kawai ta yi, "Saniyar ta sani ke nan?"

Ranar hutu na tafi Bungudu. Labari ya riga ni isa, don tun daga nesa na ga kafaɗun Baba suna rawa. Ya karɓi jakar, ya zura yatsa a hudar da na yi, yatsan ya leƙo ta ciki.

"Ƙusa ba ta sake zama nan," ya ce.

"Baba, me ya sa ba ka gaya mini tarihinsa ba?"

"Ka tambaye ni? Cewa ka yi ya mutu."

Ya ba ni basilla da silin fata, na zauna a gabansa na ɗinke tsohon hannun a mazauninsa, ina zagaya hudojin nan har suka cike. Duk lokacin da ya ga idona ya fara tafiya wani wuri sai ya buga sandarsa a ƙasa. Ɗinkin bai yi kyau ba, ya yi kumburi kamar an ɗaure targaɗe, amma har yau bai saki ba, kuma da shi nake shiga kowace rugga a yankin. Sabon hannun ma bai yi asara ba, Hajiya ta ɗaura shi a bokitin wanki.

Abin da na koya ba shi da yawa. Idan ka ga tsohuwar ƙusa ta yi kore a wurinta, kafin ka ɗauko filaya ka tambayi abin da take riƙe da shi, don wani lokaci ba fata kaɗai ba ce. Mafarki kuwa ban daina ba, ƙarya ne in ce na daina. Sai dai yanzu ina fara ajiye magagari tukuna.